Lambar Motar Marigayi

Abin da ya kai Inna ofishin inshora bai taka kara ya karya ba. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mijinta ya mutu ya bari. Aka mayar da ita sunanta, aka cire mata lambar gida aka ɗaura ta haya, saura kawai inshora su gyara takardarsu ta dace da sabuwar lamba. Da ba ta ma zo ba, sai da wani ɗan sandan hanya ya tsare ɗanta Auta, wanda ke tuƙa motar, ya ce lambar jikin mota daban ta takarda daban. Sai ta bar rumfar robobinta a hannun maƙwabciya, ta sa Auta ya kawo ta, ta ce ya jira a waje.

Akawun wata yarinya ce mai tabarau. Ta karɓi takardun da yatsu biyu kamar an miƙa mata tsumma, ta buga tsohuwar lambar a kwamfuta. Ta gyara tabarau. Ta sake bugawa. Sai ta tashi ta shiga ciki, ta dawo tare da manaja.

"Mama, motar nan tana ina?" in ji manajan.

"Ga ta can a ƙofa, da ɗana a ciki. Ko ita ma sai ta shigo ta bi layi?"

Bai yi dariya ba. "'Yan sanda sun aiko mana cigiyar wannan lamba. Motar da ke ɗauke da ita ta buge wani tela a kan kekensa ranar Laraba, ta gudu. Mutumin yana asibiti, ƙugunsa a karye."

"Wace lambar, tsohuwa ko sabuwa?"

"Tsohuwa."

"To ai tsohuwa an cire ta tuntuni."

"A jikin mota aka cire, Mama. A wurinmu har yau ita ce lambarki."

Ashe tun shigar yarinyar ciki an riga an buga waya. Inna tana tsaye a bakin ƙofa aka fito da Auta daga mota, aka tura shi bayan motar 'yan sanda, takalminsa ɗaya a kan titi. Ta sunkuya ta ɗauki takalmin. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi manajan, ta ce, "Na kawo muku gyara, kun ba ni ɓarna. Allah ya ba ku ladan aikinku."

Washegari a caji ofis, wanda aka ba maganar wani sajan ne siriri, furfura ta fara cin gashin bakinsa. Ba ya saurin magana. Ya bar Inna ta zazzage duk abin da ke cikinta, ta zagi inshora, ta zagi ofishin lasisi, ta haɗa da kujerar da aka ba ta mai ƙafa uku da rabi. Da ta gaji, ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ƙarfe ya ajiye a gabanta.

"Wannan ta faɗi a wurin da aka buge mutumin. Kin san ta?"

Inna ba ta karatu, amma ba ta bukatar karatu a nan. Ga lanƙwasar da Marigayi ya yi mata a gefe ranar da ya ci karo da turmi, ga tsatsar da ke ƙasan ta. Wani guntun waya yana lilo a jikinta.

"Tamu ce," ta ce.

"Madalla, kin rage mini aiki. Ofishin lasisi sun ce lambar a rufe take, mai ita ya rasu. Inshora ne kawai suka ce tana da rai." Ya sa aka fito da Auta daga bayan kanta. "Kai, ranar Laraba ina kake?"

"Kasuwa, ranka ya daɗe. Yini na yi ina jiran kaya."

"Na aika kofur kasuwa. 'Yan dako sun ce tun hantsi ka ɓace, sai yamma. Kuma gaban motarka akwai sabon lotso ta hagu. Telan ma ta hagu aka ɗebe shi."

Auta ya saci kallon uwarsa, ya sunkuyar da kai.

"Ni kake kallo? Ni na tambaye ka?" in ji Inna. "Buɗe baki, tun ban buɗe maka shi ba."

Sai ga gaskiya tana fitowa da ƙyar. Ya ɗauki kayan ɗakin wasu masu tashi zuwa bayan gari, ba da sanin Inna ba, don ladan ya zauna a aljihunsa. Wajen fita ya goga motar a ginshiƙin ƙofa. Ba yau ya fara irin wannan ba.

"Su wa ka kwashe wa kayan?" in ji Sajan.

"A bakin hanya suka tsayar da ni. Ban tambayi suna ba."

"Gidan fa, za ka gane?"

"Sabuwar unguwa ce, gidajen duk kama ɗaya."

Sajan ya rufe alƙalaminsa. Aka mayar da Auta. Inna ta bi bayansa da kallo, abin da ya fi ci mata rai kuwa shi ne ita kanta ba ta san ko ta yarda da shi ba. Yaron da ya iya cin ladan mota a ɓoye ya dawo ya zauna ya ci abincinta yana murmushi, me kuma bai iya ba?

"Inna, ki koma gida," in ji Sajan. "Zan zagaya wurin waɗanda lambar ta bi ta hannunsu."

"Ƙafarka ƙafata. Na gama barin takarduna da ɗana a hannun masu cewa in koma gida."

Ya dube ta, ya ga ba wurin ja. Ya ɗauki hularsa.

Suka fara da garejin Dogo, makaniken da ya canja lambar. Suka same shi ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ke waje, sai da Inna ta taka masa ɗaya ya fito. Sajan ya nuna masa ƙarfen.

"Ni na cire ta," in ji Dogo, yana goge hannu a wando. "Kuma ni na ɗaura ta tun zamanin Marigayi. Ni ba na barin noti haka nan, sai na ɗiga masa walda, saboda ɓarayin lamba. Shi ya sa da aka zo cirewa sai da na sa injin yanka. Dubi ramukan, duk sun yage. Ba notin da zai ƙara riƙe ta."

"Shi ya sa aka ɗaure ta da waya."

"Wanda ya ɗaure dai ya ɗaure, ba ni ba. Ni in ɗaure lamba da waya kamar ƙafar kaza? Sajan, ka zage ni da wani abin. Lambar da na ɗaura, motar za ta ƙare ta bar ta."

"Sabuwar ma ka yi mata walda?"

"Gaba da baya."

Inna ta yi farat ta ce, "To ka ji. Sabuwa ba ta ciruwa. Ta ina ɗana zai sa tsohuwa?"

"A kan sabuwar, Inna," in ji Sajan a hankali. "Da waya. Abin da wayar za ta iya nufi ke nan." Ya juya ga Dogo. "Da ka cire, ina ka kai su?"

"A hannun Inna na danƙa su, duka biyun. Na ce ta bar mini in yi maganin ramin ƙofa da su, ta ce in nemi na ubana."

"Haka aka yi," in ji Inna. "Na mijina ne. Suna kan kabad a ɗakina, na naɗe su a tsohon zane."

"Ɗaya dai tana aljihun teburina. Wa ke shiga ɗakinki?"

Gidan su biyu ne, ita da Auta. Da bakinta ta ƙara wa ɗanta igiya.

Daga nan sai ƙofar ofishin lasisi, inda dillalin takardu yake zama a ƙarƙashin lema. Sai-Gobe ake ce masa, don ba a taɓa ba shi aiki ya ce yau ba. Yana hango kakin Sajan ya miƙe yana gyara riga.

"Doka ta ce a mayar da tsohuwar lamba ofis," in ji Sajan. "Me ya hana?"

"Yallaɓai, doka ta ce, amma su na ciki ba sa tambaya. Ni ko ganin tsofaffin ban yi ba, sababbi na karɓo na miƙa. Kuma a ranar na ce wa Inna ta wuce inshora kai tsaye. Ni da ake wa laƙabi da gobe, ranar cewa na yi yau. Inna, ko na yi ƙarya?"

"Ba ka yi ba, abin mamaki."

"Me ya tsayar da ke?" Sajan ya tambaye ta.

"Ban samu sarari ba," ta ce a taƙaice.

Ba haka ba ne, amma kunyar faɗa take ji a gaban dillali. Duk wata takarda da ta shigo gidan, surukinta ke karanta mata, mijin babbar 'yarta, mai aikin wutar lantarki da kowa ke kira Injiniya. Shi ya karɓi takardar inshorar ya tafi da ita ya ce zai duba, ya dawo da ita bayan 'yan kwanaki ya ce ba gaggawa, a bari wa'adinta ya cika sai a gyara gaba ɗaya, kada ta wahalar da ƙafarta. Wannan maganar gida ce, me ya haɗa ta da ɗan sanda?

Suna tafe a gefen titi Sajan yana magana kamar da kansa yake.

"Dogo ya fita. Da shi ne, da lambar ba ta faɗi ba. Dillali ya fita, bai taɓa riƙe ta ba, kuma shi ya so a gyara takardar da wuri. Saura abu biyu. Ko ɗanki ne, ko kuwa akwai wata farar mota irin taku, marar takardu, da ke yawo da sunan mijinki."

"Don me mutum zai yi haka?"

"Lamba ita kaɗai ba ta wuce shinge. Ɗan sanda zai ce kawo inshora. In lambar ƙarfe da ta takarda sun dace, launi ya dace, sai ya ɗaga hannu. Muddin ba ki je kin gyara ba, wancan mutumin yana da cikakkiyar mota a bagas. Ranar da kika gyara, tasa ta mutu. Saboda haka ya san ba ki gyara ba, kuma zai so kada ki gyara."

Tafiyar Inna ta ragu.

"Amma wannan tunanina ne," in ji Sajan. "Alƙali ba ya ɗaure tunani, ba ya sakin tunani. Abin da ke hannuna lamba ce daga ɗakinki, da lotso, da yaron da ya yi ƙarya. In mako ya fita ba wani abu, kotu za mu."

Da ta koma gida ɗaki ta wuce. Ta jawo kujera ta hau, gwiwoyinta suna ƙara, ta laluba kan kabad. Zanen yana nan, an ninke shi da kyau, ba komai a ciki. Ta tsaya a kan kujerar tana juya shi. Auta tun da aka haife shi bai taɓa ninke ko wandonsa ba. Iska ta taɓa mata ɗankwali, ta ɗaga kai. Fanka ce ke juyawa dab da kanta, lafiya lau, ba ƙara. Watan jiya ta lalace. Wanda ya gyara ta a kan wannan kujerar ya tsaya, kayan aikinsa a kan kabad ya jera su, ita kuma tana madafa tana dafa masa abin da zai ci.

Ta sauko. Ta fita tsakar gida don ta sha iska, ta dafa igiyar shanya. Ba igiya ba ce, wayar wuta ce da Injiniya ya ja mata daga bango zuwa bango. Yatsanta ya sauka a kan ƙullin. An murɗe bakin wayar sumul kamar kitso, an naɗe shi da baƙin salatif. Ta tuna ranar da ya yi, har ta tsokane shi, ta ce ko zanenta ne zai ja wuta? Ya yi dariya ya ce hannunsa ne ya saba, ba ya iya barin bakin waya tsirara. Ta dubi hannun bokitin da ya gyara mata. Salatif. Ta dubi ƙofar akurkin kaji. Salatif. Sannan ta rufe ido ta nemo guntun wayar da ke lilo a jikin lambar a teburin Sajan, ta ga baƙin abin da ke bakinsa.

Ta zauna a kan turmi ta daɗe.

Ba mugun suruki ba ne, abin da ya tsaya mata ke nan. Da Marigayi ya kwanta jinya, shi ya yi ta jigila da shi asibiti lokacin da Auta ke yawon kallon ƙwallo. Bai taɓa ɗaga wa 'yarta murya ba. Ga yara uku, ga ciki. Auta kuwa ba mata ba ɗa, kuma ba a ce ba shi da laifin komai ba. Wani sashe na zuciyarta har ya fara lissafin da bai kamata uwa ta yi ba, na wanne gida ne zai fi jure rashin namiji. Ta tofar da yawu, ta ji ƙyamar kanta. Amma ko da ta tofar, lissafin bai tafi ba.

Washegari ba caji ofis ta nufa ba, asibiti ta je. Ta tambaya aka nuna mata gadon telan. Ɗan tsamurmurin mutum ne, an rataye ƙafarsa da ƙarfe, matarsa tana zaune a ƙasa tana yi masa fifita. Inna ta ajiye ledar lemo, ta ce ita ce uwar yaron da aka kama.

Matar ta ɗauke kai. Telan kuwa ya ce ta zauna.

"Ka ga fuskarsa?" in ji Inna.

"Ban gani ba, Mama. Ina kwance da fuskata a ƙasa. Amma ya tsaya. Na ji ƙofar mota ta buɗe, na ji takunsa har kusa da kaina. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, ga mai taimako. Sai na ji takun ya koma, ƙofa ta rufe." Ya juyar da kai. "Bugun ban riƙe shi ba, tsautsayi ne. Komawar ce take hana ni barci."

"Likita ya ce zai taka keken ɗinki kuwa?" ta tambayi matar.

"Da wace ƙafar?" in ji matar, ba ta juyo ba.

Daga asibiti Inna ta wuce wurin Sajan. Ta ce ya fito da lambar. Ta ɗora yatsa a kan salatif ɗin.

"Na gani tun ranar farko," in ji shi. "Makanike ba ya haka, direba ba ya haka. Hannun mai aikin wuta ne. Amma garin nan cike yake da su, ban san ta inda zan fara ba."

"Ni na sani," ta ce. "Tashi."

Injiniya yana aiki a wani bene da ba a gama ba, can gefen gari. Suka same shi a kan tsani yana zura waya a bututu. Da ya ga Inna ya sauko da sauri ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa wa Sajan hannu.

"Inna, da kanki? Ai da kin aiko. Yau nake cewa zan nemo wa Auta lauya."

"Allah ya saka. Hanya ce ta biyo da mu." Ta miƙa masa kwandon da ke hannunta, wanda da gangan ta tsinke masa hannu a hanya. "Ga wannan ya tsinke mini, taimaka."

Ya karɓa, ya ciro filaya daga aljihun baya, ya yanko waya. Yana aiki Sajan yana tambaya.

"Kai ke duba wa Inna takardu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ta inshora ta kwana a hannunka?"

Filayar ta ɗan tsaya, ta ci gaba. "Na duba mata ita, na mayar."

"Ka ce kada ta gyara."

"Na ce ba gaggawa. Tausayin ƙafarta na ji."

"Kana da mota?"

"Babur gare ni, kowa ya sani."

"Waɗannan bututan da manyan naɗin wayar nan, a babur kake kawo su?"

"Haya nake ɗauka."

"Ga motar haya a gidan surukarka, ba ka taɓa ɗaukar ta ba. Auta ya ce rabon da ka neme shi da daɗewa."

Injiniya ya murɗe bakin wayar, ya datse. Hankalinsa yana kan Sajan, hannunsa kuwa ya tafi aljihu shi kaɗai, ya fito da salatif, ya naɗa, ya kai baki ya tsinke da haƙori. Ya miƙa wa Inna kwandon.

Sajan ne ya karɓa. Ya fito da lambar daga jaka ya ajiye ta a kan bulo, ya jera hannun kwandon kusa da guntun wayar. Murɗi ɗaya, naɗi ɗaya, har da tsinken haƙori. Injiniya ya dubi abin da hannunsa ya yi, ya dubi Inna.

"Ina ɗayar?" ta ce. "Ta baya. Ta mijina ce, ina son abata."

Bai yi gardama ba. Ya bi da su bayan ginin, inda aka lulluɓe wani abu da tamfol tsakanin tarin yashi da katanga. Sajan ya yaye. Farar mota ce irin ta Marigayi sak, fitilar hagu a fashe, gaba ba lamba, ta baya tana ɗaure da waya. A aljihun gaba aka sami hoton takardar inshorar Inna.

"A araha na same ta, ba takardu," in ji Injiniya, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na ce kafin inshorar ta ƙare na tara abin yi mata rajista, in mayar da lambobin inda na ɗauka, ba wanda ya cutu. Ranar nan mutumin ya fito mini ba zato. Na sauka zan ɗauke shi, sai na tuna lambar da ke jikin motar. Ban ma san ta gaban ta faɗi ba sai da na iso nan."

"Ka tuna lamba," in ji Inna. "Mutum yana kwance a ƙasa, ka tuna lamba. To wannan tsoro ne, na ji. Da aka kama Auta fa? Ka zo gidana ka zauna a tabarmata kana ce mini in yi haƙuri. Nan ma tsoron ne?"

"Na ɗauka za su sake shi, tunda ba shi ba ne."

"Ka ɗauka. Da ka roƙe ni motar nan, da na ba ka ita kyauta ka yi ta jigila, ka sani. Amma ka ga tsohuwa ba ta karatu, ka ce ga gona." Ta juya ga Sajan. "Tafi da shi, kada in faɗi abin da jikokina za su ji."

Kafin la'asar aka saki Auta. Ya fito yana washe baki zai rungume ta, ta tare shi da tafin hannu.

"Kada ka yi mini murna. Ƙaryarka ce ta kusa rufe ka, ba wani ba. Ɗauko mota, gidan yayarka za mu."

Labari ya riga su isa. 'Yar tana tsaye a ƙofar ɗaki, hannu ɗaya a kan cikinta, idanunta sun kumbura. Yaran sun laɓe a bayanta. Ba ta ce sannu da zuwa ba.

"Inna, da kin zo wurina tukuna."

"Da na zo, me za ki yi?"

"Da na roƙe ki."

"Shi ya sa ban zo ba," in ji Inna. "Da kin roƙe ni, ban san me zan yi ba."

'Yar ta dube ta, ta ja yaran ciki, ta tura ƙofa. Ba ta buga ba, turawa kawai ta yi har ta rufu.

"Inna, mu tafi," in ji Auta. "In ta huce ma dawo."

"Kai tafi. Gobe da safe ka biya asibiti ka ji abin da matar telan nan ke bukata, ka ɗauke ta duk inda za ta, kuma in na ji ka karɓi ko na mai, sai na karya ka. Ni nan zan zauna."

"A ina? Ta rufe ƙofa."

"Ƙofarta ce."

Auta ya tafi. Inna ta zauna a kan dandamalin siminti, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Daga ciki tana jin ƙaramin yana tambaya ina Baba, ba wanda ya ba shi amsa. Rana ta sauka daga kan katanga, simintin ya fara sanyi, sauro ya fara zagaya ta. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta kira ba.

Can ƙofar ta buɗe kaɗan, iya shigar hannu. Aka turo tabarma waje, aka sake rufewa.

Inna ta jawo ta, ta shimfiɗa.